Rigar da Dutsen Guga Ya Ci: Diyyar Gobara ta Mai Gida ce ko ta Fili?

Akwai shari'ar da ake yankewa a bakin shagon wanki da guga, ba alƙali, ba lauya. Mutum ya kai kaftaninsa na shadda, riga da wando, Sallah saura kwana goma. Mai guga ya hura gawayi, ya rufe dutse, ya fara ja. Sai wani ɗan garwashi ya sulalo ta hujin gefe, ya sauka a ƙirjin rigar, daidai inda aikin zare ya fi cika. Kafin ya ankara shadda ta ɓule. Hujin bai wuce faɗin kwabo ba, gefensa ya yi ja kamar an toya, amma a wannan wurin ba facin da zai rufe shi. Wando kuwa yana gefe a ninke, ko ƙwarzane babu.

Mai kaya ya iso da la'asar. Mai guga ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, tsautsayi ya faɗa mini. Garwashi ne ya zubo. Zan biya, in Allah ya yarda." Alhaji ya ɗaga rigar, ya zura yatsa ta hujin, ya ce, "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Malam. Amma me za ka biya?" Daga nan magana take rabuwa gida uku.

Ta farko ita ce nawa. Mai guga ya ce rigar ta sha wanki shekara biyu, wuya ya fara koɗewa, in an kai ta wurin 'yan gwanjo ba za ta wuce, a ce, naira 25,000 ba. Alhaji ya ce shi ba sayarwa ya kawo ta ba, sawa yake yi, kuma yau in zai maye gurbinta, tsakanin yadi da ɗinki da aiki sai ya ajiye 60,000. Kowannensu yana da madogara. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, tun daga Risala, mai sana'a yana lamunin kayan mutane da suka lalace a hannunsa. Abin da ake aunawa da mudu ko sikeli irinsa ake biya, tufafi da makamantansu kuwa ƙimarsu. Ƙimar tsohuwar riga ba ta sabuwa ba ce. Sai dai in tun farko mai guga ya yi alkawarin sabuwa, to alkawari kaya ne.

Ta biyu ita ce ta wace hanya. A ce mai guga ya amince da sabuwa, amma da sharaɗi: ga 25,000 yanzu, Alhaji ya je ya yanko yadi, ya kai wa tela, a ɗinka irin waccan sak, in an gama ya kawo shaida sannan a cika masa sauran. Alhaji ya ce, "Malam, ka manta halin teloli a goman ƙarshe? Kowane shago kaya sun kai rufi, kuɗin ɗinki ya ninka, goben tela kuma sai bayan Sallah. Ga ɗinkakku nan a kasuwa, yau in saya yau in sa. Ban da haka ma, lokacin da aka ɗinka waccan ban ajiye wannan tumbin ba."

Ta uku ita ce wando. Ɗinkakken kaftani ba a raba shi, riga da wando ake sayarwa tare. Mai guga ya ce to a cire kuɗin wando, tunda na Alhaji bai ƙone ba, ga shi nan. Alhaji ya ce, "Wandon da ya rasa rigarsa, wa zai saya? Ni kuma da me zan haɗa shi?"

A mayar da rigar gini, wandon ya zama filin da ginin yake kai, tela ya zama magini, ɗinkakkiya ta zama ginannen gidan da ke neman mai saye. Mai guga kuma kamfanin inshora ne, da bambanci guda: kamfani ba shi ya tada wutar ba, kuɗi ya riƙa karɓa duk shekara a kan alkawarin in ta tashi zai biya. Wannan ita ce taƙaddamar da dubban iyalai suke yi da kamfanoni a Amurka duk lokacin da wutar daji ta cinye gari. Inshorar gida baƙuwa ce a ƙasar Birnin Gwari ta jihar Kaduna, amma tambayar 'yar gida ce. Wanda wuta ta raba da muhallinsa, in za a taimaka masa, dole sai ya koma kan kangonsa, ko yana da damar ɗaukar taimakon ya nemi matsuguni inda ya ga ya fiye masa?

Wuta ba labari ba ce a wannan yanki. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Daji ne na doka da maje da taura da kaɗanya, a ƙarƙashinsu gamba ce mai shanye tsayin mutum da damina. Da Nuwamba ta kama, ciyawa ta bushe ƙayau, iskar hunturu ta buso daga arewa maso gabas, abin da ya rage ashana ɗaya ce. Masu kunnawa sanannu ne: yara masu farautar gafiya da zomo, makiyayi mai son sabon toho ya fito wa shanunsa, manomi mai ƙona sassabe, mai cin zuma da ya yar da bakin wuta, masu gawayi da suka tafi ba su kashe tasu ba. A cikinsu ba wanda ya yi niyyar ƙona gari. Iska ce ke nuna mata hanya.

Mutumin ƙauye ya san zuwanta tun bai ga harshenta ba. Baƙar toka ce ke fara sauka a tsakar gida, a kan shanya da cikin randa. Can sama shirwa na shawagi a gaban hayaƙi tana cafke farar da wuta ta koro. Sai a fara jin karan dawa yana fashewa, tas-tas, kamar ana harbi. Maza su fita da ɗanyen reshe suna bugu, mata su yi ta jidar yara da kwanuka. Dangar kara ce ke fara kamawa, ta miƙa wa jinka, jinka ta miƙa wa rumbu. Bangon ƙasa kan tsaya a tsaye, ya yi baƙi kawai, amma rumbun masara sai ya kwana yana ci ta ciki. Shi ne asarar gaske, domin abincin shekara ne da irin baɗi.

A shekarun nan wata wutar ta ƙaru, wadda ba iska ke kawo ta ba. A watan Mayun 2018 'yan bindiga sun faɗa wa ƙauyen Gwaska, suka kashe mutum fiye da 40, suka cinna wa gidaje wuta. Ba Gwaska kaɗai ba. Ƙauyuka da dama sun zama kufai, mutanensu suka kwararo cikin garin Birnin Gwari, wasu suka wuce Kaduna, Zariya da Funtuwa. Wanda wutar daji ta kora yakan dawo washegari ya share toka. Wanda wannan ta kora, waɗanda suka kunna ta suna nan tsakaninsa da kangonsa.

Bari mu leƙa inda aka rubuta wannan shari'a a doka. Ranar 8 ga Nuwamba, 2018, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani tsohon layin lantarki na kamfanin PG&E ya tada wuta a busasshen daji, iska ta kwashe ta zuwa garin Paradise. Mutum 85 suka mutu, gine-gine fiye da 18,000 suka ƙone. Garin da ke da mutum kusan 26,000, da aka zo ƙidayar 2020 bai kai 5,000 ba. A Janairun 2025 kuma gobarar Palisades da ta Eaton suka cinye gine-gine fiye da 16,000 a yankin Los Angeles. Akasarin masu gidajen nan suna da inshora, domin a can banki ba ya ba da bashin sayen gida sai da ita.

Kamfanin inshora kan fara ba da ƙimar tsohon gini, wato kuɗin sabo a cire tsufa. Cikon da zai kai kuɗin sabon gini yana riƙe da shi sai mai gida ya nuna shaidar ya kashe. In da bashin banki a kan gidan, sunan bankin na kan cakin, mai son tashi sai ya fara sallamarsa. Riƙon nan yana da hujja. Kamfani na tsoron kada gobara ta zama ta Titi, mutum ya fita da riba, ai Bahaushe ma ya ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Amma akwai hujjar da ba a faɗa a fili: duk wanda ya kasa gini, cikonsa a aljihun kamfani yake kwana.

Kasawar kuwa ba ta da wuya. Gari guda ya ƙone rana ɗaya, dubban mutane na neman magina da kafintoci lokaci guda, goman ƙarshe ta teloli ke nan: kuɗin aiki ya tashi, layi ya yi tsawo. Kafin a kwashe tarkace mai guba, a gyara ruwa da lantarki, a sami izinin gini, a yi ginin, shekara biyu ko uku sun shuɗe. Paradise gari ne mai yawan tsofaffi 'yan fansho. Mai shekara 75 da aka ce ya jira shekara uku a gidan haya, sannan ya koma cikin dajin da ya kusa halaka shi, ba abin mamaki ba ne in ya ce a ba shi haƙƙinsa ya sayi ginanne a wani gari kamar Chico, kusa da asibiti da jikokinsa.

Majalisar jihar ta tsaya a bayan mai riga. Bisa sashe na 2051.5 na dokar inshorar Kalifoniya, in gida ya ƙone ƙurmus mai shi yana da zaɓi uku: ya sake gini a wurin, ya yi gini a wani wuri, ko ya sayi ginanne, kuma kamfani ba zai hana shi cikon ba don ya zaɓi tashi. A 2018 aka ƙarfafa wannan, har ya haɗa da ƙarin da yarjejeniya ta tanada saboda tsadar kaya da sababbin ƙa'idojin gini, aka kuma ba mutane aƙalla wata 36 su karɓi cikonsu idan an ayyana dokar ta-ɓaci. Iyaka guda ce: ba za a biya fiye da abin da sake ginin zai ci a tsohon wuri ba.

Saura wando. Wasu kamfanoni kan ce, gidan da ka saya ya zo da fili, mu kuwa gini muka lamunta, filinka na nan bai ƙone ba, don haka a cire kuɗin fili. Mu buga lissafin da naira don sauƙi. A ce sake ginin zai ci miliyan 20, ƙimar tsohon ginin kuma miliyan 12. Mutum ya karɓi 12, ya sayi gida na miliyan 18. Bisa adalci saura 6 a cika masa. Amma in kamfani ya ce miliyan 6 daga cikin 18 ɗin kuɗin fili ne, ko sisi ba za a ƙara masa ba, ga shi tsohon filinsa na tsakiyar toka, darajarsa ta faɗi warwas. A 2020 jihar ta haramta wannan cirewa. Yanzu in ya sayi na 18 a biya 18, in ya sayi na 25 a biya 20, ya cika 5 daga aljihunsa. Ba duk jihohin Amurka ke da irin wannan doka ba. A wasu, abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ke nan.

A gida Nijeriya lamarin bai ma kai nan ba. Hukumar kula da inshora, NAICOM, tana nan tun 1997, amma duk kuɗin inshorar ƙasar bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da ake samarwa a shekara ba. Dokar 2003, da sabuwar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Agustan 2025, sun wajabta inshora a kan gine-ginen da jama'a ke shiga da benayen da ake ginawa, ba a kan gidan da mutum yake zaune da iyalinsa ba. Ga masu ƙyamar inshora saboda addini an buɗe ƙofar takaful, inda kuɗin da aka zuba gudummawa ce a asusun taimakon juna. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi a 2016. Sai dai ofisoshinsu a manyan birane suke, kuma ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa a bakin daji ba irin hajar da kamfanoni ke nema ba ce.

Wanda ya yi inshorar gida ko shago a cikin gari, ya kamata ya yi tambayar Alhaji tun wuta ba ta tashi ba. A yarjejeniyar gobara ta yau da kullum, wutar daji da tarzoma kan zo a jerin ƙarin haɗurran da ake biya wa kuɗi daban, yaƙi da ta'addanci kuwa akan fitar da su. Ƙimar tsohon gini za a biya ko kuɗin sabo? In na sabo ne, an yarda a yi shi a wani wuri, ko a sayi ginanne? In an yarda, za a cire fili? Sannan akwai tarkon rage adadi: gidan miliyan 20 da aka yi wa inshorar miliyan 10, ko ɗaki ɗaya ne ya ƙone, rabin asarar za a biya. Tarko ne mai saurin kamu a ƙasar da buhun siminti ya tashi daga ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Wanda ya bar adadinsa yadda yake tun kafin tsadar, rabin gida yake biya wa bai sani ba.

Ga mafi yawan mutanen Randagi, Kuyello, Dogon Dawa ko Kakangi kuwa, inshorar ita ce 'yan'uwa. In gobara ta faɗa, kafin toka ta huce masu jaje sun cika gida: wannan da mudun masara, wancan da tabarma, wata da zane. Sai a sa ranar gayya, matasa su kwaɓa ƙasa, a saro itace, a yanko ciyawa, kafin ka ce kwabo ɗaki ya tashi. Ya fi kowane kamfani saurin biya, ba takarda, ba jeka-ka-dawo. Sai dai ƙarfi ne da gumi, ba a loda shi a mota. Gayya a kan kango take aiki, kuma sai in masu gayyar suna nan. Ranar da ƙauye ya tashi gaba ɗaya, mai jaje da wanda ake wa jaje duk sun zama abu ɗaya.

Taimakon hukuma ma ya gaji wannan tunani. Ban da abinci da barguna, abin da hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da takwarorinta na jihohi suka saba rabawa bayan gobara shi ne bandir-bandir na kwano, siminti, ƙusa da katakon rufi. Niyya ce mai kyau, kuma ga wanda zai koma kayan sun yi daidai. Amma ka ɗauki magidancin da ya gudo da iyalinsa, yana raɓe a zauren ɗan'uwansa a cikin gari. Bandir biyu na jingine a bango, siminti na shan sanyin ƙasa yana daskarewa, shi kuwa ba shi da taku ɗaya na fili a garin. Mai ɗakin hayar da ya samo wa iyali na jiran kuɗi. Ƙarshenta dillali ya zo ya yi wa kayan tayin wulaƙanci, ya kwashe. An ba shi yadi, alhali abin sawa yau yake nema.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamnan Kaduna, Uba Sani, ya je Birnin Gwari, aka ƙulla sulhu da wasu 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara wadda ta yi kimanin shekara 10 a rufe. Motoci suka dawo hanyar Kaduna, wasu 'yan gudun hijira suka fara komawa. Yanzu ne tambayar ta zo da gaske, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Ga manomi mai jini a jika, wandon ya fi rigar tsada nesa ba kusa ba: ɗaki uku na ƙasa ba komai ba ne in aka gwada da gonar gado, da fadama, da itatuwan kaɗanya da ɗorawa. Gona ba ta ƙaura. Shi komawa ce ta fiye masa, kuma ya cancanci a tallafa masa ya koma. Amma matar da aka kashe mijinta a ƙofar wancan gida fa, 'ya'yanta sun shiga makaranta a gari, ita ta kama suyar ƙosai a bakin tasha? Tsohon da ƙafa ta daina kai shi gona, asibiti yake nema kusa fa? Shekarun gudun hijira sun sake wa mutane jiki, awon da aka yi musu da ba lalle ya shige su yau ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Batun fili a nan ya fi na Kalifoniya ɗaci. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna bisa amana, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙe su bisa al'ada. Ko gwamnati ce ta karɓe fili, abin da ke kai ake biya wa diyya, gini da shuka, ba ƙasar ba. Akasarin gidajen ƙauye ba su da takarda, shaidarsu dagaci da maƙwabta. Fili a ƙauyen da ya watse ba shi da mai saye, fuloti a garin da 'yan gudun hijira suka cika kuwa kullum tashi yake. Duk wanda ya ce wa irin wannan mutum ai kana da fili, gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar da ba ta tare ruwa ko rana. Tashin gari ma ba baƙon abu ba ne a nan. Birnin Gwarin da ke bakin titi yau ba shi ne mazaunin farko ba, Tsohuwar Birnin Gwari na nan tana shaida.

Za a ce in aka ba mutane kuɗi a hannu ai cinyewa za su yi. Tsoron yana da tushe. Mai yunwa da bashi da marar lafiya a ɗaki ba zai ajiye kuɗin bulo ba. Lokacin gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 ta kuma tashi mutum kimanin 44,000, da kuɗi aka fara biyan diyya, da aka ga gidaje ba sa tashi sai hukuma ta koma gina su da kanta. Amma tsakanin tsabar kuɗi da kwanon dole akwai hanya, ita ce wadda dokar Kalifoniya ta bi: a ɗaure kuɗin da matsuguni, kada a ɗaure shi da wuri. Kashi na farko a bayar nan take don ci da haya. Na biyu a riƙe sai an ga shaida, amma shaidar ta zama kowace iri: ginin da ya kai linta a tsohon wuri, ko harsashi a sabon fuloti, ko takardar cinikin gida da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu. In ana tsoro, a miƙa kuɗin kai tsaye ga mai sayar da gidan ko mai bulo. Iyakar kowa ɗaya, abin da ginin zai ci a farashin yau, kuma ba a cire wa kowa kuɗin fili.

Wannan ba sai an jira Abuja ba. Birnin Gwari na da ƙungiyoyin manoma, 'yan kasuwar hatsi, 'yan kara, direbobi, da masu adashe a kowace unguwa. Asusun gobara da kowa zai zuba wa mudu ko buhu da kaka, a ƙarƙashin idon masarauta da malamai, shi ne ainihin taimakon juna. In ya yi ƙarfi yana iya neman kamfanin takaful mai lasisi ya tsaya masa a baya, saboda ranar da asara za ta fi ƙarfin asusu. Irin wannan asusu yana kuma da ikon da kamfani na nesa ba shi da shi, domin yana ganin gidan kowa: wanda bai share kewayen gidansa da rumbunsa ba kafin ciyawa ta bushe, rabonsa ya ragu.

Abin da ya fi kome shi ne lokacin rubuta ƙa'idar. Bayan gobara kowa ya san ɓangarensa: mai biya na son ragi, mai karɓa na son ƙari, masu zama na jin haushin masu tashi don suna rage wa gari ƙarfi. A wannan hali ba a yin adalci, sai dai ciniki. Da damina ya kamata a zauna, ciyawa na kore, ba wanda ya san gidan wa wuta za ta zaɓa, balle ya san ko shi mai komawa ne ko mai tashi. A lokacin ne za a rubuta cewa diyya ta mutum ce da iyalinsa, ta bi shi duk inda ya kafa murhu, kowa kuma ya sa hannu yana sane da cewa wataƙila kansa yake yi wa.